Tafkin Fosu na lalacewa a gabanmu: me mutanen zango za su iya yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan zango ne a Cape Coast, a nan aka haife ni. Muna yara mukan je bakin tafkin Fosu kallon masu jefa birgi, iyayenmu mata su sayi kifin su soya. Yanzu ruwan ya yi kore, ciyawa ta cinye gefensa, in zafi ya yi wari ba ya barin mutum ya tsaya, kifin kuma bai wuce tsawon yatsa ba. Mu matasa mun yi gayya sau biyu mun kwashe shara, ruwan sama ɗaya ya mayar da ita. Wasu dattawanmu sun ce mu fita sabgar, tafkin na masu gari ne da abin bautarsu, ba ruwan Musulmi. Shin talakawa irinmu za su iya ceto ruwa irin wannan, ko sai gwamnati? Ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abin da ka kwatanta na gan shi da idona a tafkuna da dama na gaɓar Gana, cikin shekarun da na yi ina auna ruwa ina zama da masunta. In na fahimce ka, tambaya uku ka ƙulla wuri ɗaya: me ya ɓata ruwan, ko mutanen unguwa na da abin yi ban da kwasar shara, sannan ko Musulmin zango na da hurumin sa baki a tafkin da masu gari ke girmamawa. Kuna da abin yi, kuma babba ne. Sai dai mafi yawan aikin a tudu yake, cikin kwatocin da ke bi ta ƙofar gidajenku, da kuma a gaban masu gari. Bari in bi maka shi daki-daki.

Irin ruwan da muke magana a kai

Wanda ya taso a Arewa, in aka ce tafki, kududdufin da damina ta cika yake gani a ransa. Na bakin teku daban yake. Igiyar teku ce ke tara yashi ta yi shinge a bakin rafi, ruwan tudu ya taru a baya, teku na gaba, tsakaninsu ɗan zirin yashin da wani lokaci faɗinsa bai wuce jifa ba. Gana na da irin waɗannan fiye da 90 a gaɓar da ta kai kilomita 550. Wasu bakinsu a buɗe yake kullum, kamar Benya ta Elmina, teku na shiga tana fita sau biyu a kowace rana tana ɗauraye su. Wasu kuwa a toshe suke mafi yawan shekara, sai ruwan watan Yuni ya yi ƙarfi yashin ya ɓalle, ko mutane su sa shebur su yanka. Fosu na cikin na biyun. Faɗinta kusan hekta 60 ne, ba ta da zurfi, gari kuma ya kewaye ta.

Ka riƙe wannan, don komai a kansa yake: tafkin da bakinsa ke toshe ƙwarya ce. Kogi yana gudu da dattinsa ya kai wa na gaba, ita kuwa duk abin da aka zuba mata riƙewa take. Da rani rana ta shanye ruwan, dattin ya zauna ya yi kauri.

Ruwa ba ya tsami banza

Koren da kake gani gansakuka ce, irin 'yar mitsitsiyar da ke yawo cikin ruwa. Abincinta shi ne abin da manomi ke saye da kuɗinsa a buhun takin zamani, kuma gari na ba ta kyauta: ruwan wanke-wanke, ruwan sabulu, fitsari, bahayan da ake zubarwa a leda, ruwan shaddar da ta cika aka buɗe mata hanya zuwa kwata, jini da tumbin mayanka. Da rana gansakuka na fitar da iskar oksijin. Da dare kuwa ta koma tana shaƙa, ita da ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da matattunta a ƙasa, sai iskar ruwan ta ƙare kafin gari ya waye.

Akwai wata asuba da ba na mantawa a wani ƙaramin tafki yamma da Akra. Da la'asar ɗin jiya na sa na'ura, ta nuna iska ta yi yawa har ta wuce abin da ruwa ya saba riƙewa. Na dawo bayan sallar asuba, wuri ɗaya, na'ura ɗaya, ta faɗi kusan babu. Na haska tocila, sai ga kifi jere a saman ruwa, baki sama, suna ta haƙi kamar yaran da suka yi tsere. Wani tsohon masunci da ke gyaran birginsa a gefe ya ce mini shi ba ya bukatar na'ura, in ya ga haka ya san kwana biyu masu zuwa za a tsinci matattu a gaɓa. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 30 yana riƙe kusan miligiram 7.5 na oksijin a kowace lita. In oksijin ɗin ya sauko ƙasa da 2, yawancin kifi sun shiga uku. Shi ya sa duk wanda ya zo muku da tsakar rana ya auna ya ce ruwa lafiya lau, ku roƙe shi ya dawo da asuba.

Warin kuma daga laka yake. Inda iska ta ƙare, ruɓewar kan sake salo, ta fitar da wani tururi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, lakar ta koma baƙi ƙirin. Ciyawar da ta cinye gefe ita ma takin nan take ci, ga ƙasar da ruwan sama ke wankowa daga wuraren gini tana cike tafkin tana ba ta wurin kafa saiwa.

Kifin da ka ce bai wuce yatsa ba karfasa ce mai baƙin haɓa, wadda Fante, masu garin, ke kira mpatoa. Kifi ne mai juriya ƙwarai, yana rayuwa a ruwan daɗi, yana rayuwa a ruwan da gishirinsa ya ninka na teku. Saboda haka in ka ga shi kaɗai ya rage a birgi, kaguwa da jatan lande sun yi ƙaranci, to ruwan ya kori masu rauni ne ya bar mai taurin rai. Ka tuna sunan Kotokuraba, babbar kasuwar Cape Coast, ma daga kaguwa aka samo shi. Ƙanƙantarsa kuwa tana da dalili biyu: wahalar ruwa, da yawan kamu da raga mai ƙananan ido. In ana kwashe manya kullum, waɗanda suka yi saurin balaga suna ƙanana su ke barin iri, a hankali duk tafkin ya koma na wadanni. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, a wannan jinsin namiji ne ke ɗaukar ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe. Ka buɗe bakin wanda ka saya wata rana, za ka iya tarar da ƙwai ko 'ya'ya a ciki. Duk irinsa da aka kama, gida guda aka kama.

Sai na ƙarshe, wanda ido ba ya gani, shi ya fi tayar mini da hankali. Garejojin makanikai da ke Siwdu a gefen tafkin, da irinsu a sauran unguwanni, suna zubar da baƙin mai, ruwan batir da burbushin fenti a ƙasa. Ruwan sama ya wanke ya kai tafki. Dalma da sauran ƙarafa ba sa ruɓewa. Suna kwanciya a laka, karfasa kuma a laka take kiwo.

Yanzu ka ga dalilin da gayyarku ba ta riƙe ba. Leda da robar fiya wata su ne abin da ido ke gani, amma su ne mafi sauƙin cutar. Kun kwashi abin da ya riga ya iso, ba ku tare hanyar da yake biyowa ba. Ba na raina aikin, don ya nuna kuna da mutanen da za su fito in an kira, kuma wannan jari ne da kuɗi ba ya saye.

Yasa da yanka baki

In aka zauna taro kan tafki, cikin minti goma wani zai ce a kawo injin yasa. Kafin ku bi wannan, ku dubi tafkin Korle a Akra. Tun wajen shekarar 2000 aka fara babban aikin farfaɗo da ita, aka kashe miliyoyin daloli ana kwashe laka. Kogin Odaw da ke zuba a cikinta kuwa bai daina kawo sharar rabin birnin ba, daga Nima da Alajo da sauran unguwannin da ke kansa har Agbogbloshie. Laka ta dawo. A daren 3 ga Yuni, 2015, magudanai suka toshe, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle da ke tsakiyar Akra, mutane kusan 150 suka rasu. Abin da ya biyo baya shi ne rusau a Old Fadama, unguwar talakawa da ke gefen Korle, kuma 'yan Arewa ne suka fi ji a jikinsu. Wannan ya kamata kowane ɗan zango ya sa a ransa: in ruwa ya ɓaci har hukuma ta fusata, talakan da ke zaune a gefensa ake fara ɗora wa laifi, ko da dattin daga unguwar masu kuɗi ya gangaro.

Yasa na da ranarta, amma bayan an rage abin da ke shigowa. Tana kuma da haɗari a tafki irin naku, don tono lakar da ta riƙe dalma shekara da shekaru tamkar tayar da macijin da ke barci ne, sannan dole a san inda za a jibge abin da aka tono.

Yanka bakin yashi ya fi araha, kuma yana aiki. A Indiya, tafkin Chilika ya kusa shaƙewa da laka da ciyawa, a shekarar 2000 aka yanka masa sabon baki zuwa teku, gishiri ya dawo, kifi da jatan lande suka ninka, har a 2002 aka cire shi daga jerin dausayoyin duniya da ke cikin haɗari. Sai dai an yi shekaru ana nazarin tafiyar ruwan kafin a sa injin. A ƙaramin tafki mara zurfi, in aka yanka ba a kan lokaci ba, ruwan na iya zurarewa cikin dare ɗaya, a wayi gari da fili na baƙar laka da matattun kifi. Ba aikin da matasa za su tashi su yi da kansu ba ne. A Fosu ma yankan na da masu shi, yana cikin al'adun Fetu Afahye, bikin shekara na masu gari, wanda hakan ya kawo mu maganar dattawanku.

Maganar dattawa

Ina girmama tsoron da ke bayan maganarsu. Ba sa so yaransu su tsinci kansu cikin zuba giya a ƙasa ko yanka don wanin Allah, kuma suna da gaskiya, ba wanda ya ce ku yi haka. Amma mu rarrabe abu biyu da suka cakuɗe.

A duk gaɓar Gana, masu gari sun daɗe da dokokin hutar da ruwa. Ranar Talata ba a fita teku a yawancin garuruwa. Tafkin Muni na Winneba ba a kamun kifi a cikinsa ranar Laraba. Sakumo ta Tema, wulomo, wato jagoran bautar gargajiya, kan rufe ta watanni kafin ya buɗe. Elmina na rufe Benya makonni, sai Talatar farko ta watan Yuli a yi bikin Bakatue a buɗe. Ku ma a Cape Coast ana hana kamu a Fosu gabanin Fetu Afahye, wanda ake yi Asabar ɗin farko ta Satumba. Su suna danganta dokar da abin bautarsu. Ni da nake auna kifi, abin da nake gani shi ne namijin karfasa ya samu makonnin da zai saki 'ya'yansa ba birgi a kansa. Wanda ya bi dokar don kifin ya hayayyafa bai bauta wa kowa ba, kamar yadda wanda ya bar gonarsa ta huta bai yi tsafi ba.

Kuma ba baƙon abu ne a wajenmu ba. A Argungu, Matan Fada a rufe take duk shekara ƙarƙashin Sarkin Ruwa, sai ranar su a buɗe, a shiga da koma da gora. Manyan giwan ruwan da ake fitowa da su, rufewar nan ce ta raine su. A Musulunci akwai hima, wato keɓe wuri a hana taɓa shi don amfanin jama'a. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Hadisi ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, wani kuma ya yi gargaɗi kan bahaya a mashaya, da kan hanya, da inuwa. Ka duba, ruwan da ba ya gudu shi ne ainihin siffar Fosu. A tsibirin Misali da ke gefen Pemba a Tanzaniya, abin da hukuma ta kasa hanawa na kamun kifi da nakiya, wa'azin limamai ya taimaka ƙwarai wajen rage shi.

Ni ma'aikacin ruwa ne, fatawa ta malamai ce. Ku kai wa limaminku maganar yadda take, ku tambaye shi hukuncin wanda kwatarsa ke zuba najasa a ruwan da maƙwabcinsa ke ci daga ciki. Ina kyautata zaton huɗubar Juma'a ɗaya a kan wannan za ta yi abin da allunan gargaɗi goma ba su yi ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne cewa ba ruwanmu. Ruwan wankanmu na ciki, kifin kuma 'ya'yanmu na ci.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa dokokin gargajiya suka yi rauni, kuma ya shafe mu kai tsaye. Da can kowa a bakin ruwa ɗan gari ne mai tsoron abin da kakansa ya ji tsoro. Yau gari ya cika da Kirista da Musulmi da baƙi, tsoron ya tafi, ba a kuma sa wani abu a gurbinsa ba. In zango ya fito ya ce mu ma mun amince da hutun ruwan, da hujjarmu ta addini da ta hankali, dokar ta samu ƙafa ta biyu ke nan.

Matan Densu

Misalin da na fi so in ba ka yana bakin kogin Densu, yamma da Akra, ɗaya daga wurare biyar na gaɓar Gana da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 1992, tare da Keta, Songor, Sakumo da Muni. Sa suna a takarda bai hana wurin lalacewa ba. Matan Tsokomey da Bortianor da Tetegu masu tsintar kawa, wannan abin mai ɓawo da ke manne a ƙasan ruwa, suka ga abin da suke samu na raguwa yana ƙanƙancewa. Suka haɗa ƙungiya, suka koyi darasi daga takwarorinsu na Gambiya, aka koya musu auna gishiri da gurɓacewar ruwa da hannunsu, da yawansu ba su yi boko ba. A 2017 suka yanke wa kansu rufe tsinta wata biyar, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Suka riƙa mayar da ɓawon cikin ruwa don 'ya'yan kawa su samu abin mannewa, suka dasa itatuwan mangurob, masu tsirowa a ruwan gishiri, a gaɓa. Da aka buɗe, kawa ta fito manya, kuɗinta ya ƙaru, suka ci gaba da rufewa kowace shekara. Daga baya ma'aikatar kamun kifi ta amince da tsarinsu, ta ba su haƙƙin kula da kawar wurin.

Abin da ya sa nasu ya riƙe, a ganina, shi ne waɗanda suka yi asarar wata biyar su suka kafa dokar, su kuma suka ci ribar. Sun nemi albarkar masu gargajiya, sun kuma nemi sa hannun hukuma. Na ga akasin haka a wani wuri da ba zan ambata ba. Aka kafa kwamiti na masu manyan riguna, aka sanar da rufe tafki ta lasifika, ba a tambayi masu birgi ba, ba a tambayi mata masu suya da banda ba. Ni ma ina cikin waɗanda suka ba da shawarar watannin, kuma lissafin kifin daidai ne. Kafin sati biyu aka koma kamun dare. Wata mai banda ta tare ni ta ce, "Malam, kai da ka rufe, wa ka ce ya ciyar da yarana?" Ba ni da amsa a ranar. Tun daga nan ba na buɗe bakina kan rufe ruwa sai na ji daga masu ci da shi abin da za su iya jurewa, ko da sati shida ne maimakon wata uku, ko a keɓe kusurwa ɗaya ta tafkin a bar sauran.

Da ni ne kai

Da farko zan bi kwata. Ku ɗauki Asabar ɗaya, mutum biyar, ku zagaye tafkin da ƙafa, ku ƙirga duk bakin da ke zuba a cikinsa, ku ba kowanne lamba. Sannan ku bi kowanne baya har inda ya faro, kuna rubuta abin da ke shiga: nan gidan wanka, nan gareji, nan bayan kasuwa, nan bututun shadda. Za ku tarar kwata biyu ko uku ne ke kawo mafi yawan dattin. Wannan taswirar, ko da a bayan kwali aka zana ta, ta fi doguwar wasiƙar koke tasiri a gaban hukuma.

Daga nan ku ɗauki kwatar da ta ratsa unguwarku ku ce wannan tamu ce. A sa mata ragar ƙarfe a wuri biyu ko uku inda hannu ke kaiwa, a raba kwanakin kwashewa gida-gida, a tabbatar akwai inda za a kai abin da aka kwashe, in ba haka ba zai bushe a gefe ya koma ciki. Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarshen Maris, kafin ruwan farko, don shi ke wanke dattin rani gaba ɗaya ya juye a tafki, kuma yawancin mutuwar kifi bayansa take zuwa. Ragar da ba a kwashewa kuwa ta fi babu muni, ambaliya za ta jawo muku.

Makanikai kada ku je musu da faɗa. Da yawansu 'yan'uwanku ne, kuma suna da shugabanni. Baƙin mai kuɗi ne, akwai masu saye. Durom ɗaya mai murfi a kowane layi, da ɗan daɓen siminti inda ake juye mai, da alkawarin ba za a zubar da ruwan batir a ƙasa ba, wannan kaɗai zai rage guba fiye da gayya goma.

Sai littafi. Ku sayi babban littafi mai bango, ya zauna a hannun mutum ɗaya amintacce. Sau ɗaya a mako, bayan sallar asuba, a wurare uku da ba a canzawa, a rubuta launin ruwa, ko akwai wari, ko kifi na haƙi a sama. Ku samu farin murfin bokiti ku ɗaura masa dutse da igiya mai alamar santimita, ku saukar har ya ɓace wa ido, ku rubuta zurfin. Ku auna tsawon kifi ashirin daga birgin masunci ɗaya, da yardarsa. A rubuta ranar da aka yi ruwa da ranar da bakin yashi ya buɗe. Kun yi sa'a, Jami'ar Cape Coast na da sashen nazarin kifi da ruwa da kuma cibiyar kula da gaɓar teku, ɗalibansu na neman wurin bincike kullum. In kun je musu da littafin wata shida, za su ɗauke ku da muhimmanci, su kawo na'urorin da ba ku da su.

Duk wannan kada ya wuce ba ku je gaisuwa ba. Ku fara da Sarkin Zango da liman, su kai ku majalisar Omanhene na Oguaa, wato babban sarkin Cape Coast, da masu kula da tafkin na gargajiya, da shugaban masunta, da ƙungiyoyin Asafo, rundunonin gargajiya na masu gari. Ku je a matsayin maƙwabtan da suka zo da rahoton kwatarsu da abin da suka riga suka gyara, kuna neman a haɗa hannu. Kada ku je da sunan kun zo ceto musu tafki. Wakilin unguwarku a majalisar birni shi ne ƙofa ta gaba, don Fosu ba ta cikin wuraren Ramsar, nauyinta na kan hukumar birni da masarauta, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba majalisar ikon kafa dokokin cikin gida. Abin da aka amince a fada, kamar girman idon raga, hana kamu da gidan sauro, da tazarar da ba a gini daga bakin ruwa, a nemi majalisa ta rubuta shi, don ya hau kan kowa, ɗan gari da baƙo. Birnin Bonn na Jamus ya taɓa haɗa gwiwa da hukumar Cape Coast kan farfaɗo da tafkin, saboda haka akwai rahotanni a ofis. Ku nemi a nuna muku, kada ku fara daga sifili.

Inda ƙarfinku ya tsaya

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da ya fi ƙarfin unguwa. Babbar cutar ita ce najasar gari, kuma maganinta bayan gida a kowane gida da wurin tace ruwan datti kafin ya isa tafki. Wannan kuɗin hukuma ne. Haka hana masu hannu da shuni cike gefen ruwa da ƙasa su yi gini. Naku shi ne ku matsa, da taswira da littafi a hannu, musamman in zaɓe ya ƙarato. Dalmar da ta riga ta kwanta a laka kuma za ta daɗe, ko da yau aka daina zubawa. Kada ku yi wa mutane alkawarin ruwa zai koma yadda kuka san shi kuna yara cikin shekara ɗaya. Abin da ke saurin sauyawa shi ne wari da shara da girman kifi, sauran sai an yi haƙuri na shekaru.

Batun ko kifin na ciwuwa lafiya, wannan ɗakin gwaji ne ke yanke shi, ba ido ko hanci ba, kuma yana cikin abin farko da za ku roƙi jami'a ta duba. Kafin sakamako ya fito, shawarata ita ce a cire kayan ciki da ƙoshiyar kifin a wanke sosai, a dafa ya nuna, masu juna biyu da ƙananan yara su rage yawan ci, kuma kada kowa ya tsinci wanda ya mutu da kansa ya taso. Ku faɗi wannan a hankali, tare da masu sayarwa, don kalma ɗaya ta ganganci na iya kashe wa mace kasuwarta.

Ku fara zagayen kwatocin a wannan watan. In littafin ya cika wata shida, turo mini hotunan shafukan da taswirar, mu duba tare mu ga wace kwata ce za a fara kai ƙararta majalisa. Ka gaishe mini da dattawan, Allah ya yi muku jagora.